Mutum Uku, Buhu Biyu

Suma'ila mai birki bai taɓa buɗe injin mota ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Rumfarsa tana Zango, bayan tashar motocin Mirya, kwano shida a kan itace huɗu. In direba ya turo motar da ta ƙi tashi, sai ya nuna masa rumfar maƙwabci. "Tashi aikin kowa ne," haka yakan ce. "Ni tsayawa nake gyarawa."

Ɗan Tirmini ne. Ya shigo Damagaram yana ɗan shekara goma sha tara, zamanin da gyaɗa ke cika kamiyo, babbar motar kaya, har ta zuba a hanya, ya yi shekara bakwai kwance ƙarƙashin motocin wani bakanike ɗan Dahome. Abin da ya fito da shi daga can bai fi magana ɗaya ba: birkin gaba da na baya kamar shanun huɗa biyu ne, dole ƙarfinsu ya zo daidai. In na baya ya fi ƙarfi, tayoyin baya su daskare, gindin mota ya zagayo ya wuce kanta. In na gaba kaɗai ke aiki, mota mai kaya ta ci gaba da tafiya kamar ba da ita ake ba. Ƙarfin da baya ke bukata kuwa ya danganta da nauyin da ke kanta. Shi ya sa Suma'ila bai taɓa sallamar mota ba sai ya gwada ta da kaya. Buhu takwas na gero yake ajiyewa a ƙuryar rumfa don wannan aiki kaɗai, kowanne kilo ɗari.

Damina ta 1984 ba ta yi ba. Kafin bazara ta kama, matarsa Lubabatu ta surfe ma'aunin mijinta buhu bayan buhu, gidan ya cinye shi tas. Suma'ila bai damu ba. Ya koma ga tsohon lissafin 'yan lodin tasha, wanda kowa ya yarda da shi tun kafin a haife shi: mutum uku, buhu biyu. Buhu takwas ke nan mutum goma sha biyu. An ce masa ya cika buhu da yashi mana, ya ce yashi ba ya magana, mutum kuwa in ya sauko zai faɗa maka ta wane gefe mota ta karkata.

A wannan bazarar ne direba Mai Nasara ya kawo masa fijo kat-san-kat, mai buɗaɗɗen baya, da hancinta a lotse. Kwamitin rabon dawar agaji yana ɗaukar ƙananan motoci don kai hatsi ƙauyukan da kamiyo ba ya ratsa yashinsu, kuma fijon nan ce ta ƙarshe da ta rage wa ƙauyen Guna. Ranar da ya kai ta a duba, ya taka birki a ƙofar siton hatsin, mota ta ƙi jin magana, ta je ta sumbaci bango. Komin kwamitin, wato magatakardansa, Malam Mustafa, ya ba shi zuwa Alhamis: a ɗora mata nauyin kilo ɗari takwas, ta taho da gudu, ta tsaya miƙe kafin layin toka da za a zuba a hanya. In ba haka ba, rabon Guna ya jira a sami wata mota, sati uku ko fiye.

Suma'ila yana da yaya a Guna, Talatu, da 'ya'yanta biyar. Saƙon ƙarshe da ta aiko shi ne sun koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana ana sauya musu ruwa kafin su ciwu. Bai gaya wa Mai Nasara haka ba. Ya ce kawai, "Ajiye makulli ka tafi."

Kwana biyu ya yi a ƙarƙashinta. Ya sauya bututun man birki gaba ɗaya. Ya cire ƙananan silandir na baya, wato 'yan famfunan da ke matse taya in an taka birki, ya sa manya da ya ciro daga wata matacciyar landiroba, don su iya da buhu takwas. Ranar Laraba da hantsi ya leƙa tasha ya ce yana neman mutum goma sha biyu. Sai da aka yi kokawar hawa, don a lokacin babu abin da ya fi zaman banza yawa a tasha. Garba mahauci, wanda a da ake yi wa kirari da tumbi, ya zauna tsakiya ya ce shi kaɗai buhu ɗaya da rabi ne.

Suka fita hanyar Dogo, inda jar ƙasa ta miƙe ba kwana. Suma'ila yana gaba kusa da direba. Da mota ta ɗauki gudu, ya ce, "Taka."

Mai Nasara ya taka. Tayoyin baya suka daskare, gindin mota ya zagayo a hankali kamar mai rawa, huluna suka tashi sama, mota ta tsaya tana kallon garin da ta baro. Sai Garba ya ɗago daga ƙarƙashin mutum huɗu ya ce, "Har mun je Dogo mun dawo?"

Dariya ta ɓarke, irin wadda aka daɗe ba a yi ba. Wani tsoho ya sauko ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki yana hawaye. Suma'ila ya shiga ƙarƙashi, ya sassauta abin da zai sassautu, aka sake. Mota ta sake juyawa, wannan karon ta hagu. Mutanen baya suka fara roƙon a ƙara ta uku, wasu ma da ke wucewa a ƙafa suka tambaya ko akwai wuri.

Suma'ila kaɗai ne bai yi dariya ba. Shekara ashirin da biyar lissafinsa bai taɓa ƙaryata shi ba. Suka koma rumfa, ya ɗauko sufana zai cire manyan silandir ya mayar da tsofaffin, ko da ya san da su ne mota ta ci bango.

Lubabatu ta iso da kwanon kunu ta tarar da mutum goma sha biyu a jere a inuwar mota, kowa yana ba da labarin juyin a lokaci ɗaya. Ta saurara, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, waɗannan ne buhu takwas ɗin?"

"Goma sha biyu ne. Ƙirga."

"Na ƙirga. Sau biyu na rage maka ƙugun wando tun ƙaramar salla. Ka dubi tazugen Garba, saura kaɗan ya zagaye shi sau biyu."

"Haba, matar maigida," in ji Garba, yana jan riga ƙasa, "a gaban mutane?"

"Waɗanne mutane? Duk ku ɗin nan iska mai ƙarfi za ta kai ku Zangon Aya."

Suma'ila ya ajiye sufana. Ya aika aka aro sikelin gyaɗa da ya shekara ba a taɓa shi ba, aka kakkaɓe shi. Garba ya fara hawa, ya cika ƙirji da iska ya riƙe. Kilo hamsin da huɗu.

"Sikelin nan ma yunwa yake ji," in ji shi.

"Sauko, rabin buhu," in ji Mai Nasara.

Da Mai Nasara ya hau aka sami arba'in da tara, Garba ya nemi a ba shi wuri ya kwanta don dariya. Kowa ya hau aka yi masa ihu. Wani ya ɓoye duwatsu a aljihu aka kama shi. Da aka haɗa goma sha biyun nan, ɗari shida da 'yan kai suka tashi. Birkin yana nan daidai. Kayan ne suka rame, ba wanda ya lura, don kowa tare da ɗan'uwansa ya rame.

Ranar Alhamis Malam Mustafa ya zuba layin toka da hannunsa, ya tsaya da takarda yana auna masu hawa. Mutum goma sha biyar suka shiga, saura kilo talatin da wani abu. Ya duba hagu ya duba dama, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce ko da ya ɗan zarce ba laifi, ya hau da kansa. Garba ya matsa masa wuri yana ce masa ya riƙe hularsa da kyau.

Mota ta yi nisa, ta juyo, ta taho. Suma'ila wannan karon yana ƙasa, tsugune daidai layin, idonsa a kan tayoyin baya. Mai Nasara ya taka. Hancin mota ya sunkuya, gindinta ya zauna, tayoyi huɗu suka ja layi biyu miƙaƙƙu a jar ƙasa. Ta tsaya saura taku uku.

Daga baya aka ji muryar Garba: "Shi ke nan? Ba juyi?"

Mutanen suka sauko suna gunaguni kamar an cuce su. Malam Mustafa ya sa hannu a takarda a kan lotsattsen hancin motar.

Kafin a ba Mai Nasara makulli, Suma'ila ya ja shi gefe. "Birkin nan na mai kaya ne. In ka sauke dawa ka taho wayam, za ta juya da kai. Kada ka kuskura ka dawo ba mutane a baya. Goma sha shida, in 'yan ƙauye ne ka ƙara biyu."

Dawa ta isa Guna ranar Juma'a kafin azahar, gidan Talatu ya sami tiya goma sha ɗaya. Da aka gama sauke kaya, Mai Nasara ya tsaya a bakin kasuwa ya ce yana neman masu zuwa birni, kyauta, kuma ba zai tashi ba sai mota ta cika. Mutanen Guna suka daɗe suna kallonsa, don ba su taɓa jin direba ya faɗi haka ba. Wata tsohuwa mai ciwon ido, da ta yi wata biyu tana neman hanyar zuwa likita, ita ta fara hawa.