Anti Mai Jijiya Ta Ajiye Allura

Kullum da safe, tun ana goge ɗakin tiyata, tana ciki. Ta wanke hannu har gwiwa, ta zauna gaban madubin nan mai ƙara girman abu, ta duba allurarta da zaren da bai kai gashin kai kauri ba. Likita ce, ma'aikata na kiranta Anti Mai Jijiya. Yawancin matan da ta yi wa aiki ba su san fuskarta ba.

Ni ma ban san ta ba sai da ciwon daji ya kama yayata a nono. Aka cire, aka yanko nama daga cikinta aka gina mata sabo. Washegari na ɗaga zane, sai ga naman ya kumbura ya yi baƙi. Na kurma ihu.

Anti ta shigo da sauri, ta taɓa wurin. "Jini na shiga, ba ya samun hanyar fita," in ji ta. "In muka yi jinkiri naman zai mutu. Zan ciro jijiya a ƙafarta in yi masa hanya."

"Anti, ina ƙafa ina ƙirji?"

"Ƙanwata, ke dai yi mana addu'a."

Nas ɗin da ta tsaya kusa da Anti a ɗakin tiyata ce ta ba ni labari. Ta ce Anti ta bi jijiyar nan a hankali, tana ɗaure kowane ɗan reshe, ta ɗauko ta lafiya lau, ta ɗinke ta a ƙirji. Suna kallo launin naman ya dawo. "Wallahi tsigar jikina ta tashi," in ji nas. Yau Yaya na sa rigar da take so, ta fita kai a ɗage.

Watan jiya muka ji abin da ya ɗaure mana kai: Anti ta bar aiki. Wai ɗan yatsanta ya fara rawa. Babban likita ya roƙe ta, ya ce ai babu wanda ya lura.

"Ni na lura," in ji ta. "Kuma jikin 'ya'yan mutane ne."

Ke ce mai hannun alheri, Anti. Kin riƙe amana da allura a hannu, kin riƙe ta ranar da kika ajiye. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ku koyi ɗinkinta, ku kuma koyi tsoron Allah irin nata.