Goggo Da Kaskon Da Ya Ƙone

Kafin ta bar gida, Goggo mai sayar da abinci ce a bakin tasha. Shekara da shekaru tana gaban murhu, direbobi na bin layi da kwanukansu, ba wanda ya isa ya ɗaga mata murya. Da autarta ta haihu a ƙasar waje, aka yi mata takardu ta tafi renon jika.

Birnin bai karɓe ta ba. Motoci ba sa hutawa, mutane na tafiya kamar an biyo su, ka yi gaisuwa a dube ka a wuce. Gidan yana can ƙololuwar bene, kicin ɗinsa ba ya ɗaukar mutum biyu. Murhun ma ba harshen wuta, wani baƙin faranti ne, ka danna ya yi ja. Yaren garin kuwa ko sannu ba ta iya ba. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne maganar surukinta, cewa a nan ba a wasa da lamarin yaro, kuskure kaɗan sai hukuma ta shigo.

Wata safiya, auta da mijinta sun tafi aiki, Goggo na soya albasa sai jaririn ya tsala kuka.

"To maigida, na ji, ga ni nan," ta ce.

Ta canza masa kaya, ta ɗan jijjiga shi. Kafin ta dawo kasko ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe kicin. Sai wani farin abu da ke manne a silin, wanda ta ɗauka fitila ce, ya fara ƙara mai huda kunne. Ta kashe murhu, ta yi ta kaɗa wa abin zane. Bai yi shiru ba. Can sai benen gaba ɗaya ya ɗauka.

Ta kira auta a waya, ba a ɗaga ba. A waje ana gudu, ana dukan ƙofofi, har aka iso tata. Ta tsaya rungume da yaron. In ta buɗe, kowa zai ga daga wurinta hayaƙin ya fito, a ce ta kusa halaka ɗan mutane, a raba shi da uwarsa. Sai jaririn ya fara tari. Nan take ta goya shi, ta buɗe.

Wata tsohuwa ce da ke ɗakin kusa. Ta kama hannun Goggo, suka bi jama'a suka gangara matakala har titi.

'Yan kwana-kwana suka iso da jiniya, suka hau. Jim kaɗan ɗayansu ya sauko riƙe da baƙin kaskon, ya ɗaga shi yana tambaya. Goggo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta tako gaba.

"Nawa ne," ta ce da Hausa. "Ni za ku kama. Uwarsa ba ta ma nan."

Mutumin ya nuna goyon, ya yafuto wata ma'aikaciyar jinya. Da ƙyar Goggo ta kwance zanen. Matar ta saurari ƙirjin yaron, ta duba hancinsa, Goggo ko ƙiftawa ba ta yi. Sai ta miƙo mata shi.

A lokacin auta ta kira. Goggo ta ba mutumin wayar, suka yi magana, ya mayar mata.

"Goggo, ya ce ki riƙa buɗe taga, ki kunna fankar saman murhu."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Ya ce ba a kanki aka fara ba."

Goggo ta zauna a bakin titi da yaron a cinya, tsohuwar na tsaye a kanta har ta samu natsuwa.

Ta jima ba ta yarda ta ɗora mai a wuta ba, komai sai dafawa, har surukin ya rasa yadda zai yi ya aiko auta ta roƙe ta. Ta zauna a birnin har sai da yaron ya fara tafiya, sannan ta ce tasha na jiran ta.