Gaisuwa Kafin Kwamfuta Ta Shirya

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina buga takardu a wani shago kusa da shataletalen Bata. Mai shagon Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, Alhaja muke ce mata. Kasuwa ta buɗe mana, don duk wanda ɗan'uwansa ya ci kansila sai ya zo a buga masa wasiƙar taya murna.

Yatsuna akwai sauri, akwai tuntuɓe. Sai na koya wa kwamfutar kurakuraina: in na juya haruffa ta miƙe su da kanta, in na taɓa haruffa biyu ta zubo addu'ar buɗe wasiƙa gaba ɗaya. Kullum ina ƙara mata, har ta ƙoshi ta kasa tashi. In aka kawo wuta sai ta loda kayan nan kaf kafin ta buɗe. Kafin nan mutane sun tsallaka zuwa shagon maƙwabci.

Alhaja ba ta iya faɗa ba. Cewa kawai ta yi in wata ya ƙare a haka, za ta fito da tsohon tafireta ta nemo mai buga shi. Hankalina ya tashi, ga aure na sa a gaba.

Ban goge gyare-gyaren ba, don in babu su asirina ya tonu. Raba aikin na yi: allo ya buɗe nan take, gyaran ya biyo baya a ɓoye. Wanda ya ga farar takarda a shirye ba ya fita. Saura abin da zan riƙe shi da shi kafin ta gama, sai na kama gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya kasuwa, ya yara, ya ƙafar da aka ce tana ciwo. Idona ɗaya na kan 'yar fitilar kwamfutar. Da ta daina ƙiftawa sai in ce to madalla, mu hau aiki.

Wata ya ƙare, tafireta bai fito ba. Alhaja ta riƙa gaya wa maƙwabta ba ta taɓa samun ma'aikaci mai tarbiyya irina ba.

Wani dattijo mai sayar da yadi ya fara zuwa kullum da safe, ba takarda a hannunsa. Mu gaisa, ya tashi. Ran nan ya ce, "Tun rasuwar mai ɗakina, nan kaɗai ake tambayata yadda na kwana, a kuma jira amsa."

Washegari fitilar ta daina ƙiftawa bai gama labarin ƙafarsa ba. Na janye hannuna daga kan kwamfutar, na ce, "Ina jin ka, Baba."