Gam ɗin da Inna ta zaɓa mini

Shekarun baya, ina sabon shiga wata 'yar ƙungiyar kiɗa a Damagaram, yawan sani ya kusa raba ni da gurbina. Ni ke kaɗa gitar solo, wato in mawaƙi ya yi shiru, ni ake sakar wa fili in ƙirƙiro abin faɗa da yatsu nan take. Kiɗan buluz muke yi, muna gauraya shi da namu na gida.

Ina da wani kaye, wato littafin rubutu, da na cika da gam-gam, jerin sautukan da mai gitar ke zaɓa ya yi yawo a cikinsu. Duk daga bidiyon waya na kwaso su: mai sauti biyar, mai shida, mai bakwai, har da waɗanda ko sunansu ban iya furtawa ba. Da an ce solo, sai in zazzage su duka cikin minti guda, don a san na yi karatu. A raina ni gwani ne.

Wata Laraba bayan gwaji, shef ɗinmu, wato shugaban ƙungiyar, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ƙanena, yatsunka na gudu, amma ban ji ka ce komai ba. Asabar muna da biki. Zaɓi gam ɗaya ka zauna a kai. In ka sake yi mini wannan kwaramniya, solo ya koma hannun wani." Raina ya sosu ƙwarai, don shekara biyu na yi ina neman gurbin nan.

Washegari da la'asar na baje a tsakar gidanmu a unguwar Birni, kaye a buɗe kan tabarma, in kama wannan in saki, in kama wancan. Mahaifiyata na gefe tana tsintar shinkafa. Ita ba ta taɓa son gitar ba, haƙuri kawai take da ni. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana.

"Kai wannan," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, "tun ɗazu kake shiga gidaje kana fita. Ba ka zauna ko ɗaya an ba ka ruwa ba."

Na ce, "Inna, ai ilimi ne. Abin da ƙa'ida."

"To, malam. Koma na farkon nan da ka yi, kafin ka soma hauka."

Na farkon kuwa shi ne mai sauti biyar, wanda ake fara ɗora 'yan koyo a kai, wanda na fi rainawa. Na kama shi don dai a zauna lafiya. Ta ce in rage gudu, na rage. Ta ce in ƙara ragewa, ba kura ke bina ba. Da na kai sauti na uku na ɗan tura tsirkiyar sama ta yi 'yar kuka, sai na ji Inna ta soma rera wata waƙar niƙa ƙasa-ƙasa. Rabona da jin waƙa a bakinta tun kafin rasuwar mahaifina. Waƙar ta zauna daram cikin sautukan nan biyar. Ta yi baiti ta yi shiru, ni kuma in amsa mata da gitar. In na soma zarcewa ta harare ni, in dawo hanya. Haka muka yi ta yi har aka kira magariba, ba a gama tsintar shinkafar ba.

Ran Asabar na bar kaye a gida. Da solo ya zo, gam ɗaya na riƙe, in yi 'yar magana da tsirkiya in dakata, kamar ina jiran ta amsa. Da muka sauka shef ya dube ni ya ce, "Wa ya gyara ka cikin kwana uku?" Na ce mahaifiyata. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Solo dai bai bar hannuna ba.

Na dawo gida da murna na ba ta labari. Fuskarta ta canza. "Ka ce masa ni? Kada in kuskura in sake ji. Ina da surukai a garin nan, a ce ni ke koya wa ɗana kiɗa?"

Yanzu in masu koyo suka tambaye ni wane gam za su zaɓa, nakan ce su fara da biyar ɗin nan, su koyi yin shiru a tsakani. Sauran ma suna da ranarsu, ina taɓa su jefi-jefi. Amma ban taɓa gaya wa ɗayansu inda na samo ba, na riƙe mata amanar har ta riga mu gidan gaskiya. Ina kewarta sosai.

Yau ga shi na faɗa. Inna, ki yafe mini, amma ke kika koya mini.