Lambar Wayata a Gindin Bindiga

Kafin in lalace, ni mai gyaran keken ɗinki ne a Fagge, kuma hannuna yana da kyau, ba yabon kai ba. Aibina biyu ne. Ban taɓa ce wa mutum "ban iya ba", sannan in na buɗe keke na ga ƙarfe mai kyau, sai in cire in sa tsoho. Da ɗan noti na fara. Na ce wa zai lura?

A 2018 na bi kawuna zuwa Dubai. Na samu lungu a unguwar Al Ras, ƙarƙashin matakalar wani masauki, ina gyara wa 'yan kasuwarmu sikeli da agogo da tayar akwati. Halin nan nawa bai nemi biza ba, biyo ni ya yi. Duk abin da na gyara kuma sai in manna masa 'yar takarda mai lambar wayata, yadda muke yi a gida don ciniki ya dawo.

Wata Talata da hantsi, Ilu, wani ɗan dako a wajen masu aika kaya gida ta kago, ya zo ya buɗe min ledar dabino. Ƙaramar bindiga ce, irin mai ɗakin harsashi da ke juyawa. Gabana ya faɗi.

"Malam, girgiɗi take yi, ba ta saiti," in ji shi. "Ga sababbin kayanta na samo. Za ka iya ɗaure ta?"

A garin da ko dambe ka yi a titi sai an mai da kai gida, kamata ya yi in tashi in gudu. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Wannan? Ai wasa ne. Dawo Alhamis."

Wallahi ban taɓa riƙe bindiga ba. Na kwance ta a kan tsumma. Sababbin kayan suna ta ƙyalli, raina ya biya, na zuba su a gwangwanin shayi. Na cusa mata sifirin na keken ɗinki, inda girgiɗi ya rage na ɗura gam. Ƙarfe uku suka yi saura, na ce kamfani ne ya yi almubazzaranci. Na goge ta tsaf, hannuna da kansa ya manna takardar a gindinta.

Ilu ya zo ya girgiza ta, babu girgiɗi. "Khalas, shi ke nan, kai injiniya ne," ya ce.

Ashe wani Alhaji mai kantin turare a Al Buteen zai yi wa fashi. Ya nuna masa bindigar, ya ja kunama, ta ƙi. Ya sa hannu biyu ya ja, sai ɗakin harsashin ya faɗo ya gangara ƙarƙashin kanta. Alhaji ya kwaɗa masa kwalbar miski, Ilu ya ranta a na kare, ya bar bindigar.

'Yan sanda ba su sha wahala ba, waya kawai suka buga. Wani ya tambaya ko ni ne mai gyaran da lambarsa ke jikin kaya. Na ɗauka ciniki ne. Na ce, "Ni ne, habibi, aikina har da garanti." Ni na kwatanta musu hanya, har na ce su kula da matakala.

A kotu ƙwararrensu ya ɗaga sifirin ɗin ya ce wanda ya yi aikin nan bai san komai ba. Maganar ta ƙona min rai, na ɗaga hannu zan yi musu, lauya ya take min ƙafa. Aka ba ni shekara uku da kora daga ƙasar, Ilu kuwa da aka kamo shi ya fi ni daɗewa.

Sau ɗaya Alhajin turare ya ziyarce ni a gidan yari. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka iya aikinka, da yanzu 'ya'yana marayu ne." Yana dariya ya faɗa, ni kuwa kuka na yi. Don na san da na iya, da na gyara.

Na fito a 2021, na tuba, na koma kan keken ɗinki. Ƙarfen kowa yana komawa cikin kekensa.

Samari, kada ku cire noti ɗaya da ba naku ba. In kuma aka buɗe muku leda kuka ji gabanku ya faɗi, ku ce ba ku iya ba. Ni shekara uku na yi a ɗaki ina koyon faɗin hakan.