Baƙon da Ba Ya Rage Sauti

A tashar Batsari, Maigandi yana leƙen wayar wani baƙo mai farar shadda. Wasan yaƙin jirage yake bugawa, wanda kullum ke kayar da Maigandi. Baƙon ba ya bin jiragen bama-bamai ta baya, inda bindigoginsu suke. Sama yake hawa, ya faɗo musu kamar shirwa. Ƙarar harbi ta cika rumfa.

"Malam, rage sauti mana," in ji mai shayi.

"Baba, ai ƙarar ce daɗin!"

Maigandi ya ciji leɓe. Daga gani, wannan bai taɓa kwana a daji ba. Shi a garinsu Ruma shiru yake buga nasa, tun ranar da innarsa ta ji ƙarar wasan ta zaci ɓarayin daji ne, ta suri jika ta ruga ba takalmi.