Kankanar da Mama Ladi ta shanya mini a rana

Mama Ladi, ina kika shiga ne? Mama Ladi ta Garatu, mai tallar kankana a kafaɗa. In kina raye, Allah Ya sa wani jikanki ya ga wannan ya karanta miki.

Jama'a ku yi haƙuri, na daɗe ban ce komai a nan ba. Rubutun ma ba gwanarsa ba ce ni, yadda ya zo bakina haka nake dannawa. Ɗazu na yanka kankana, sai kawai na zauna ina hawaye.

Abin ya faru a tamanin da wani abu, muna haya a unguwar Kpakungu a Minna, maigidana Malam yana aikin jirgin ƙasa. Na haifi Bilkisu, surukata Inna ta zo daga Zariya yi mini wankan jego.

Tun da ciki nake jin idona kamar an zuba yashi. Bayan haihuwa kuwa, da an kira magariba sai duniya ta rufe mini. Da rana garau, rana na faɗuwa sai lalube.

Na ɓoye. Tsoro nake a ce Malam ya auri makauniya.

Inna mace ce mai kula, amma dokarta doka ce. Ruwan zafi, kunun kanwa, tuwo. Kankana, gwanda, lemo, duk ta ce sanyi ne, mai jego ba ta taɓawa. Nama kuma lokacin sai an dace.

Ranar da asirina ya tonu, na taso da magariba na yi karo da tukunyar ruwan zafi. Ta kife dab da tabarmar da Bilkisu ke kwance. Taku ɗaya ya rage.

Inna ta sure jaririyar. Ta ce, "Wannan yarinya Zariya zan tafi da ita, akwai mai shayar da ita. Ba zan bar ta hannun wadda ba ta gani ba."

Ban yi musu ba, gaskiyarta ce. Amma nonona har zuba yake in na tuna.

An sa mini kwalli, an wanke mini ido da rubutu, shiru.

Ke ce kika gan ni, Mama Ladi. Kin biyo da yamma da ragowar kaya, kika tarar ina shafa bango ina neman ƙofar ɗakina. Kika ce da irin Hausarki, "Amarya, kai ba ya gani ne? Gobe ka shirya, asibiti."

Kika bar tallarki kika raka ni, Malam ya sayar da rediyonsa aka yanki kati. Layi tun safe har azahar, kina goye da Bilkisu.

Likita ya haska mini tocila, ya ja fatar idona ƙasa. Ya nuna allon haruffa, na ce ban yi nisa a boko ba, sai ya kawo wani mai zane kamar cokali mai yatsu, in nuna inda ya kalla. Aka ɗebi jini, aka ce ya yi ƙasa.

Ya ce, "Dundumi ne. Ga wani fari-fari kamar kumfa ya fara fitowa. Da kin ƙara zama, idon zai iya tafiya gaba ɗaya."



Ya ba ni wata ƙwayar magani mai mai a ciki, da na ƙarin jini. Ya ce in ci hanta, manja, alayyafo, gwanda, kankana. Abu mai ja da abu mai kore, in ji shi.

Inna ta yarda da hanta da manja. Kankana kuwa ta ce ko likitan Makka ne ya faɗa, ba a jegonta ba.

Sai kika yanka ɓari guda kika ɗora a kan rufin kwanon bayan gida, cikin ranar Minna. Kika zauna kina hira abinki. Can kika sauko da shi kika miƙa mata.

"Mama, taɓa. Ina sanyi?"

Inna ta taɓa, ta janye hannu, ta ce, "Ke dai Allah Ya shirye ki." Ta juya tana dariya.

Kankana mai ɗumi ba daɗi, wallahi, kamar ruwan wanka mai sukari. Haka na dinga ci kullum, kina tsaye a kaina sai na cinye.

A hankali magariba ta fara dawo mini. Wata rana ana kiran salla na duba tabarma, na ga Bilkisu tana tsotsar yatsa, har ƙyallin idonta na gani. Na ce, "Inna, ta cire hularta." Inna ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta mayar mata da hular.

Da ta tashi komawa Zariya, ita kaɗai ta hau jirgi.

Alhamdu lillahi. Allah Ya ji ƙan Inna da Malam, Ya saka wa likitan nan.

'Yan'uwana mata, in magariba ta fara yi muku duhu kada ku ɓoye, ku tafi asibiti. Ban ce kankana kaɗai ta warkar da ni ba, da magani da sauran abinci. Amma tana taimakon ido, kada a hana mai ciki ko mai jego.

Mun koma unguwar Barkin Sale, daga nan ban ƙara ganinki ba. Na je garinku Garatu nemanki, aka ce wace Mama Ladin, suna da yawa. Sai a lokacin na gane ko sunanki na yanka ban taɓa tambaya ba.

In wani ya san wata tsohuwa gajera, mai wushirya, da in ta yi dariya sai ta buga cinya, don Allah ya ce mata amaryar Kpakungu har yau tana...

Af, ana buga ƙofa. Waye? Ina zuwa!